Tawilin Alamomin Baibul a Koyarwar Neville Goddard: Nazari ta Fuskar Harshe

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2024, masu tsara Ƙamus na Kambirij a Ingila sun zaɓi kalmar Ingilishi ta manifest a matsayin kalmar shekara. Dalilinsu shi ne yawan neman ma'anarta da jama'a suka yi, bayan da ta yi tashe a bakin mawaƙa da 'yan wasa da matasa masu hulɗa da intanet. Ma'anar da suke ba ta ita ce mutum ya riƙa hango abin da yake so a zuciyarsa, tare da amincewa cewa yin haka zai sa abin ya tabbata. Sai dai wannan ra'ayi ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaɗa shi a ƙarni na 20 shi ne Neville Goddard (1905-1972), wanda ya gina koyarwarsa kacokan a kan wata irin fassara ta Littafi Mai Tsarki na Kirista, wato Baibul. A wurinsa, duk mutanen da ke cikin wannan littafi da garuruwansa da yaƙe-yaƙensa alamomi ne na abubuwan da ke gudana a cikin zuciyar ɗan Adam.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda wannan tawili yake aiki, sa'an nan ta auna shi da ma'aunin ilimin harshe. Ba za a shiga batun imani ba, domin wannan fage ne na malaman addini. Amma da yake hujjojin Goddard sun dogara ne a kan ma'anar sunaye da haruffa da ginin jimla, masanin harshe yana da ta cewa a kansu. Abin da za a nuna shi ne, mafi yawan ma'anar da wannan tawili yake fitarwa daga mabuɗin da mai karatu ya zo da shi take fitowa, kuma wani sashe nata ya rataya ne a kan siffar Ingilishi kaɗai. An yi amfani da sunayen mutane da na littattafai kamar yadda aka san su a fassarar Baibul ta Hausa, wadda aka fara bugawa cikakkiya a shekarar 1932.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

A nazarin adabin Hausa, alamtarwa ita ce a ambaci wani abu domin ya tsaya a madadin wani, kamar yadda rawani yake tsayawa a madadin sarauta. Idan labari gaba ɗayansa ya zama jerin alamomi, har kowane ɗan wasa da kowane aiki yana nuni ga wani abu daban, to an sami labari mai zahiri da baɗini. Fito da wannan baɗini shi ake nufi da tawili a wannan maƙala.

Akwai kuma kalmomi uku da koyarwar Goddard take kewayawa a kansu. Ta farko ita ce zuciya, wadda a nan take nufin wurin tunani da ji da sanin kai, kamar yadda Bahaushe yake cewa abu ya faɗo masa a zuciya. Ta biyu ita ce sawwarawa, wato iya ƙaga hoton abin da ba ya gaban ido har mutum ya ji kamar yana ganinsa. Ta uku ita ce zahirantarwa, kalmar da aka ƙirƙira a nan domin ta ɗauki ma'anar fitowar abin da aka sawwara zuwa duniyar zahiri.

3.0 Tushen Wannan Tawili

Karanta Baibul a matsayin labarin zuciya ya daɗe ƙwarai. Filo na Iskandariyya, Bayahude masanin falsafar Girka wanda ya rasu wajen shekara ta 50 Miladiyya, ya fassara labarin gonar Adnin da cewa Adamu shi ne hankali, Hawwa'u ita ce gaɓoɓin ji da gani, maciji kuwa shi ne jin daɗi. Bulus ma, a babi na 4 na wasiƙarsa ga Galatiyawa, ya ɗauki Hajaratu da Saratu a matsayin alamomin alkawari biyu. Daga baya Orijin na Iskandariyya, a ƙarni na 3, ya koyar cewa nassi yana da jiki da rai da ruhu kamar yadda mutum yake da su. A ƙarni na 5 kuma Yohanna Kasiyan ya kawo misalin da ya shahara na ma'anoni huɗu na Urushalima: birnin Yahudawa, da Ikilisiya, da birnin sama, da kuma ran mutum.

Sai dai tun a wancan zamani akwai masu ja wa tawili linzami. Malaman Antakiya, irin su Tiyodo na Mofsuwestiya wanda ya rasu a 428, sun soki 'yan Iskandariyya da cewa suna narkar da tarihi. Tomas Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya kafa ƙa'ida cewa duk sauran ma'anoni a kan ma'anar zahiri suke tsayawa, kuma daga gare ta kaɗai ake kafa hujja. Abin lura a nan shi ne, galibin waɗannan malamai ƙara baɗini suke yi a kan zahiri, zahirin yana nan daram.

Reshen da Goddard ya fito daga cikinsa ya tsiro ne a Amurka a ƙarni na 19, wato tafiyar da ake kira Sabon Tunani. Ana danganta farkonta ga Phineas Quimby (1802-1866), mai gyaran agogo a jihar Maine, wanda ya koyar cewa cuta daga gurɓataccen tunani take samo asali. A 1889 Charles Fillmore da matarsa Myrtle suka kafa ƙungiyar Unity a birnin Kansas, kuma a 1931 ƙungiyar ta buga ƙamus guda wanda ya ba sunayen mutane da na wuraren Baibul ma'anoni na zuciya. Goddard ya sha daga wannan rijiya, ya kuma sha daga rubuce-rubucen mawaƙin Ingila William Blake (1757-1827), wanda ya ɗaukaka sawwarawa zuwa matsayin allantaka.

4.0 Goddard da Koyarwarsa

An haifi Neville Goddard a tsibirin Barbados a 1905. Ya ƙaura zuwa birnin Niyok a 1922 domin koyon wasan kwaikwayo, ya kuma yi sana'ar rawa a dandamali na wasu shekaru. Bisa ga faɗarsa, wani malami mutumin Habasha mai suna Abdullah ne ya koya masa Ibrananci da ilimin baɗini na Yahudawa. Littafinsa na farko ya fito a 1939, kuma daga cikin waɗanda suka fi shahara akwai Your Faith Is Your Fortune (1941) da Feeling Is the Secret (1944) da The Power of Awareness (1952). Ya rasu a Los Anjalis a 1972.

Ana iya taƙaita koyarwarsa a cikin matakai uku masu bin juna. Mataki na farko, Baibul wasan kwaikwayo ne na zuciya, kuma mutanensa yanaye-yanaye ne da kowa yake ratsawa. A nan ya rabu da Orijin da Akwinas, domin shi ya zare tarihin gaba ɗaya. Mataki na biyu, abin da Baibul yake kira Allah shi ne sanin da mutum yake da shi cewa yana nan, da kuma ikonsa na sawwarawa. Wannan ra'ayi ne da manyan ɗarikun Kirista ba su yarda da shi ba. Mataki na uku, tun da haka ne, duk abin da mutum ya ƙaddara a zuciyarsa cewa ya riga ya samu, ya kuma dawwama a kan wannan ji, to zai bayyana a zahiri. Hanyar aikin ita ce mutum ya kwanta har ya kai gaɓar da barci ya fara ɗaukarsa, sa'an nan ya sawwara wani ɗan gajeren al'amari da ke nuna buƙata ta biya, kamar aboki yana ba shi hannu yana taya shi murna, ya yi ta maimaitawa har barci ya kwashe shi.

Tambayar da ta shafe mu ita ce, ta yaya aka fitar da wannan daga matanin Baibul? Za a duba dabaru huɗu.

5.0 Dabarun Tawilin

5.1 Mayar da Labari Cikin Zuciya

Ɗaya daga cikin misalan da Goddard yakan kawo shi ne labarin da ke babi na 27 na Littafin Farawa. Ishaku ya tsufa, idonsa ya dushe, yana son ya sa wa ɗansa na fari Isuwa albarka. Sai ƙanen, wato Yakubu, da shawarar uwarsa Rifkatu, ya sa tufafin wansa, ya rufe hannuwansa da wuyansa da fatar 'yan awaki domin ya yi kama da Isuwa mai gashi. Uban ya shafa shi, ya sa masa albarkar.

A tawilin Goddard, Ishaku makaho shi ne mutum a lokacin da ya rufe idonsa daga duniya. Isuwa mai gashi shi ne halin da mutum yake ciki a zahiri, mai kauri, wanda ake iya taɓawa. Yakubu mai sulɓin fata shi ne burin da bai riga ya tabbata ba. Sa masa fatar awaki shi ne tufatar da buri da ji, har ya zama kamar gaske. Shafawar da uban ya yi ita ce jin buri a jika, albarkar kuwa ita ce ba shi haƙƙin fitowa zahiri, inda zai ture tsohon hali.

Babu shakka akwai hikima a wannan jeri, domin kowane ɓangare ya sami abokin tafiya. Amma mai karatu zai lura cewa an yanke labarin ne a daidai inda ya dace da mabuɗin. A matanin, Isuwa ya dawo ya yi kuka mai zafi, ya ƙudurta kashe ƙanensa. Yakubu ya gudu wurin kawunsa Laban, inda ya yi shekara 20 yana bauta, kuma shi ma aka yaudare shi a daren aurensa, aka kai masa Lai'atu a maimakon Rahila. Wato marubucin ya saƙa labarin ne ta yadda wanda ya sauya ƙane da wa a gaban makaho, shi ma aka sauya masa ya da ƙanwa a cikin duhu. Wannan saƙa, wadda ita ce ƙashin bayan labarin, ba ta sami gurbi a tawilin ba.

5.2 Ma'anar Sunaye

Dabara ta biyu ita ce kafa hujja da asalin suna. Wannan ba baƙon abu ba ne a Baibul, domin matanin kansa yana yawan wasa da sunaye. Littafin Farawa ya danganta sunan Yakubu da kalmar Ibrananci mai nufin diddige, ya kuma danganta shi da ture wani daga matsayinsa. Saiwar kalmar ɗaya ce da ta Larabci wadda Hausa ta aro aƙiba daga gare ta. Amma masana harsunan Samiyawa da dama suna ganin cewa asalin sunan gajarta ce ta wata addu'a mai nufin Allah ya kiyaye. Ashe ke nan bayanin da labari ya ba suna daban ne, asalinsa a tarihin harshe kuma daban. Mun san irin wannan a gida, inda ake cewa Hausa daga hau sa ta fito, Bayajida kuma daga ba ya ji da. Waɗannan bayanai suna da daraja a matsayin adabi, amma ba a kafa hujjar ilimi da su.

Haka abin yake ga Yariko, birnin da Joshuwa ya ci. Goddard ya ce sunan yana nufin ƙamshi, saboda haka birnin alama ce ta halin daɗi da mutum yake buri, ganuwarsa kuma ita ce cikas ɗin da ke tsakani. To amma akwai wani bayani mai ƙarfi da yake danganta sunan da kalmar da ke nufin wata na sama. An ɗauki ɗaya an bar ɗaya, kuma wanda aka ɗauka shi ne wanda ya dace da darasin.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wajen almajiran Yesu 12. Fillmore, a littafinsa The Twelve Powers of Man (1930), da Goddard a littafinsa na 1941, dukansu sun ce almajiran siffofin zuciya ne. Ga yadda suka fassara biyar daga cikinsu:

(1) a. Bitrus: bangaskiya (Fillmore), sauraro (Goddard)
b. Andarawas: ƙarfi (Fillmore), jaruntaka (Goddard)
c. Bartalamawas: sawwarawa (Fillmore), sawwarawa (Goddard)
d. Toma: fahimta (Fillmore), ƙin yarda da mugun labari (Goddard)
e. Yahuza: rai (Fillmore), rabuwa da tsohon hali (Goddard)

A (1a), Goddard ya dogara ne a kan ainihin sunan Bitrus, wato Saminu, wanda saiwarsa ta Ibrananci take nufin ji, kamar sami'a ta Larabci. A (1b) ma sunan Girkanci ne mai nufin mazantaka, don haka duka fassarorin suna da madogara. Amma sunan Toma a Aramiyanci ɗan tagwaye yake nufi, sunan Yahuza kuma Littafin Farawa ya danganta shi da yabo, shi kuwa Bartalamawas ɗan Talmai kawai yake nufi. A waɗannan wurare uku an ajiye ma'anar suna an koma ga labari ko ga wani abu daban. Ke nan ana ɗaukar wannan ma'auni ne idan ya biya buƙata, a ajiye shi idan ya ƙi. Kuma ga masana biyu 'yan makaranta ɗaya, da matani ɗaya, sun fito da Yahuza biyu masu hannun riga da juna, babu kuwa wata ƙa'ida a cikin hanyar da za ta raba gardamar.

5.3 Ma'anar Haruffa

Sunan Allah a Ibrananci ana rubuta shi da baƙaƙe huɗu: yod, he, waw, he. Goddard ya ba kowanne ma'ana. Yod hannu ne, wato sanin kai mai ƙaga abubuwa. He taga ce, wato hango abin da ake so. Waw ƙusa ce, wato jin da ke haɗa mai so da abin so. He ta ƙarshe kuwa ita ce abin ya bayyana a zahiri. Da haka sunan ya zama taƙaitaccen jadawalin zahirantarwa.

Gaskiya ne sunayen wasu haruffan Samiyawa kalmomi ne masu ma'ana. Yod tana da dangantaka da yad, wato hannu, kamar yadda yake a Larabci, waw kuma tana nufin ƙugiya ko turke. Dalili shi ne waɗanda suka ƙago wannan rubutu sun zana abu ne domin ya wakilci sautin farko na sunansa. Da zarar harafi ya shiga kalma, sauti kawai yake ɗauke da shi. Duk wanda ya yi karatun allo ya san ba guje da ain baki wofi, amma ba wanda zai ce kalmar da ta fara da ba tana da alaƙa da gudu. Ma'anar kalmar Ibrananci a saiwarta da ƙirarta take, kuma matanin Littafin Fitowa da kansa ya danganta wannan suna da aikatau mai nufin kasancewa.

5.4 Dogaro a kan Ginin Jimlar Ingilishi

Wannan ita ce dabara mafi muhimmanci. A Littafin Fitowa 3:13-14, Musa ya tambayi sunan wanda ya aiko shi, kuma fassarar Sarki Yakubu ta Ingila ta 1611 ta ba da sunan da kalmomi biyu, I AM. Waɗannan kalmomi su ne kuma kowane mai jin Ingilishi yake fara jimla da su idan zai faɗi ko shi wane ne, ko halin da yake ciki, ko inda yake. Daga nan Goddard ya kafa hujjarsa: duk lokacin da mutum ya siffanta kansa, sunan Allah ya ambata, kuma duk abin da ya jingina wa wannan suna sai ya tabbata. Wanda ya ce shi matalauci ne ya hatimce talaucinsa, wanda ya ce shi mawadaci ne ya kira wadata.

Akwai matsaloli biyu a nan. Ta farko ta shafi harshen asali. Kalmar Ibranancin ita ce ehyeh, aikatau ne na mai magana a sigar aikin da bai kammala ba, wadda sau da yawa take nuni ga lokaci mai zuwa. Wannan kalma ta zo a aya ta 12 ta wannan babi, kuma fassarar 1611 ɗin da kanta ta mayar da ita lokaci mai zuwa a can. Martin Luta ma, a fassararsa ta Jamusanci, lokaci mai zuwa ya ba aya ta 14. Bugu da ƙari, Ibrananci, kamar Larabci, ba ya buƙatar aikatau a jimlar suna ta yanzu. Ba'ibrane da zai ce shi mawadaci ne, wakilin suna da siffa kawai zai jera, ba tare da ehyeh ba. Ashe haɗuwar sunan da mafarin jimlar yau da kullum abu ne da ya auku a harshen fassara.

Matsala ta biyu tana bayyana idan aka yi ƙoƙarin kawo koyarwar cikin harsunanmu. Dubi waɗannan jimloli, waɗanda duk da kalmomi biyun nan za su fara a Ingilishi:

(2) a. Ni malami ne.
b. Ina gida.
c. Ina jin yunwa.
d. Na gaji.

Hausa ta yi amfani da hanyoyi uku: dirka a (2a), lamirin lokaci mai ci a (2b) da (2c), da shuɗaɗɗen lokaci a (2d). Ina ba ta tsayawa ita kaɗai da wannan ma'ana, balle ta zama suna. Ni ne tana tsayawa, amma dubi abin da ke faruwa idan aka jingina mata wani abu:

(3) a. Ni mawadaci ne.
b. Ni ne mawadaci.

A (3a) siffar ta shiga tsakani ta raba kalmomin biyu. A (3b) sun zauna tare, amma ma'anar ta sauya zuwa keɓancewa, wato ni ne, ba wani ba. Haka nan Yarabanci ya raba wannan aiki tsakanin jẹ́ da ni da wà, Ibo kuma tsakanin bụ da dị da nọ. A duk harsunan nan uku, babu kalma ɗaya da za ta ɗauki nauyin da Goddard ya ɗora wa ta Ingilishi. Mabiyinsa yana iya cewa abin da ake nufi shi ne sanin kai, wanda ya fi ƙarfin kowane harshe. Idan haka ne, to hujjar ta tashi daga kan ayar ta koma kan abin da mutum ya ji a ransa, kuma a can ya kamata a auna ta.

6.0 Alamar Matani da Alamar Mai Karatu

Kada a fahimci bayanan da suka gabata da cewa babu alamtarwa a Baibul. Littafin cike yake da ita. A babi na 41 na Farawa, Yusufu ya fassara shanu bakwai masu ƙiba na mafarkin Fir'auna da shekaru bakwai na ƙoshi. A babi na 4 na Markus, an kawo misalin mai shuka, aka kuma bi shi da bayanin abin da iri da kowace irin ƙasa suke nufi. A nan matanin ne ya sanar cewa alama ce, ya kuma iyakance ma'anarta.

Daga wannan za a iya fitar da tambayoyi huɗu da manazarci zai yi wa kowane tawili, na littafin addini ne ko na waƙa ko na tatsuniya. Shin matanin ya nuna cewa abin alama ce? Shin fassarar ta ɗauki labarin duka ko ta yanki wani sashe? Shin tana tsayawa idan aka koma harshen asali ko aka juya zuwa wani harshe? Shin akwai wani matani da zai iya ƙaryata mabuɗin? Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. A hannun Goddard, labarin Ishaku da na Yariko da baƙaƙen suna huɗu duk darasi ɗaya suke bayarwa. Mabuɗin da yake buɗe kowace ƙofa ya tarar da ɗaki iri ɗaya a bayanta, yana gaya mana labarin kansa ne fiye da labarin gidan.

7.0 Abin da Tawilin Yake Haifarwa

Wannan batu bai tsaya a aji ba. Littafin Rhonda Byrne mai suna The Secret (2006) ya kai irin wannan ra'ayi ga miliyoyin masu karatu, kuma laccocin Goddard da aka ɗauka a faifai sun sami sababbin masu sauraro a YouTube da TikTok. Da yawa daga cikinsu ba su san cewa a kan tawilin Baibul aka gina abin da suke maimaitawa ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada sashen da ake iya gwadawa. Gabriele Oettingen da abokiyar aikinta Doris Mayer sun wallafa bincike a 2002, inda suka gano cewa ɗalibai masu neman aiki waɗanda suka fi nutsewa cikin daɗin sawwara nasara sun fi ƙarancin aika takardun neman aiki, sun kuma fi ƙarancin samun tayi. Bayanin da aka bayar shi ne, zuciyar da ta riga ta ɗanɗani nasara a mafarki takan saki jiki. Abin da Oettingen ta ga yana taimakawa shi ne mutum ya hango burinsa, sa'an nan ya dubi cikas ɗin da ke gabansa ya shirya masa. Wannan kuwa kishiyar rufe ido irin na Ishaku ne.

Akwai kuma nauyin da koyarwar take ɗora wa mai rauni. Idan duk abin da ya sami mutum hoton zuciyarsa ne, to marar lafiya shi ya jawo cutarsa, wanda yaƙi ko fari ya raba da gidansa shi ma haka. Abin mamaki shi ne, littafin da aka kafa hujja da shi ya yi jayayya da irin wannan tunani a fili. Abokan Ayuba sun dage cewa wahalarsa daga laifinsa take, kuma a babi na 42 su aka tsawata wa. A babi na 9 na Yohanna, an tambayi Yesu ko laifin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho, nasa ko na iyayensa, ya kore duka biyun. Tawilin da ba ya barin matani ya musa masa ba zai ji waɗannan wurare ba.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sawun tawilin zuciya tun daga Filo har zuwa Goddard, ta kuma nuna cewa bambancin Goddard da magabata shi ne zare ma'anar zahiri gaba ɗaya. An duba dabarunsa huɗu, aka ga cewa ta farko tana yanke labari, ta biyu tana zaɓen ma'anar suna, ta uku tana ɗora wa harafi abin da ba ya ɗauka, ta huɗu kuma ta rataya a kan ginin jimlar Ingilishi, wanda Ibrananci da Hausa da Yarabanci da Ibo ba su da irinsa. Wannan bai hana a yaba wa fasaharsa ta ƙaga hoto ba, domin a matsayin adabi tawilinsa yana da armashi.

Darasin da ke nan ga masu nazarin harsunan Nijeriya shi ne, harsunanmu ma'auni ne da za a iya gwada da'awar da aka gina a kan wani harshe. Mai fassara da ya ci karo da irin waɗannan rubuce-rubuce zai tarar cewa dole ya zaɓa tsakanin (3a) da (3b), kuma wannan zaɓi da kansa yana tona inda hujjar take da rauni. Akwai buƙatar a faɗaɗa wannan gwaji zuwa Fulfulde da Kanuri da Tibi da sauran harsunan ƙasar nan, domin a ga yadda kowannensu yake rarraba aikin da Ingilishi ya tara a kan aikatau guda.